Ba a San Maƙerinta Ba

Ranar Litinin, kasuwa na watsewa,
na ɗauko Baba Hankurau a bayan babur,
ya damƙe rigata kamar yaron goye.
"Nunin me ka ce?"
Na ce nunin haske.
Ya yi dariya har babur ya yi tangaɗi:
"Makaho za ka kai kallon haske?"
Bai makance ba tukuna. Yana ce ta sauko masa
kamar nonon da aka tsiyaya a rijiya.

A zauren gidan matasa an toshe tagogi da baƙin yadi,
an kori rana waje
don a nuna mana jikokinta.

Ga ƙwarya an huda mata ido dubu,
ƙwai ɗaya a cikinta, taurari sun cika rufi.
Ga fatar jar akuya an ɗame kamar kalangu,
haske na tsatsowa ruwan zuma.
Wani ɗalibi ya saƙa kaba, ya yi mata wuyan zalɓe.
Wata kuwa ba waya, ba mai,
wai da rana take kiwo bisa kwano,
da dare ta kwanta tana tuƙa.
Ina faɗa masa, yana cewa to.
To. To.
Irin to ɗin da ake ba mai tallan magani.

Can ƙurya, ƙarƙashin gilashi,
gwangwanin tumatir, ɗan siririn wuya, lagwanin tsumma.
Aci-balbal.
An ba ta teburi ita kaɗai kamar baƙuwar Makka,
ita da ta saba zama tsakanin ƙuli-ƙuli da goro.
Takarda a gefe, Faransanci sama, Hausa ƙasa:
Ba a san maƙerinta ba.

Gabana ya faɗi.
Shekara arba'in Baba ya yi yana narka dalma
a rumfa bayan tasha,
da kuɗin gwangwani aka sa ni lakwal.

Sai kuran ya tafi, yadda ya saba, ba sallama.
Taurari suka mutu a ƙwarya, zuma ta daskare,
mai tuƙar nan kaɗai ta rage, tana lumshe ido.
Ana ta laluben salula a aljihu
Baba ya ce, "Yauwa. Yanzu ni ne mai ido a ɗakin nan.
Ƴata, ɗaga mini murfin."

Zuwaira mai kula da zaure ta ce an hana taɓawa.
Ta duba hagu, ta duba dama.
Ta ɗaga.

Yatsunsa suka zaga gindi, suka hau wuya,
suka tsaya a kalmasa, suka daɗe.
Ya shinshina lagwani.
Ni ina jiran ya ce tawa ce,
har na shirya hawaye.

"Ba tawa ba ce.
Ta Nomau ce, Nomau Bahago na Bagalam.
Ji kalmasar, daga hagu ta taso.
Ga rowar dalma, halinsa ne.
Ya kwashe mini masu saye shekara ashirin,
ya tafi damanar da gulbi ya ci gonakin gangare
da dala arba'in ɗina a wuyansa."

Shiru.
Wani wuri janareto na tari, ya ƙi tashi.

"Amma ba ta yoyo," in ji shi.
"Tasa ba ta taɓa yoyo ba.
Na yafe dala arba'in."

Zuwaira ta haska takarda da salula,
ta ja layi da biro, ta rubuta sunan a sama,
ta tambaya ko Bahago da babban baƙi ne.

Kuran ya dawo muna bakin ƙofa,
zaure ya ɗauki sowa a bayanmu. Bai waiwaya ba.
A hanya duk masu tebur tocila suke rataye,
fari fat, ba hayaƙi, ba wari.
Ya tambaye ni ko da sauran mai kunna gwangwani.
Na ce akwai ɗaya, can wajen masu tsire.
Ban ga ko ɗaya ba.

Da na tuɓe riga da dare
sai ga shaidar babban yatsa a kafaɗa,
baƙin hayaƙin Nomau.
Mai ɗakina ta miƙo hannu za ta jiƙa.
Na ce a bar ta sai jibi.